Kawu Mainasara da Rigar Inji

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan kawuna Mainasara a Anka ya san dokar ƙofarsa. Akwai tulu da buta da sabulu a bakin zaure. Za ka cire takalmi, ka wanke ƙafa har idon sawu, ka wanke hannu, sannan a amsa maka sallama da kyau. In kuwa daga wajen haƙar zinari ka fito, ko wane ne kai, iyakarka dakalin waje. 'Yan unguwa har Dubagari suke ce masa.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifina. A gidanmu ni ake tambaya shekarar da aka haifi wane da ranar da wance ta tare, don haka na ga ya kamata in rubuta wannan tun ban fara mantuwa ba.

Kawu baduku ne ɗan baduku. A Dareta aka haife shi, a can ya koyi jima da ɗinkin fata wajen kakanmu. Abin da ya fi suna a kai shi ne zugazugi. Maƙera daga Bukkuyum har Gummi nasa suke nema, don in ya ɗinka maka, iska ba ta da wata hanya sai baki. Da babura suka yi yawa ya ƙara da ɗinkin kujerar babur da facin tamfol na motocin kaya. Mutum ne mai wasa a da. Yana ɗinki yana waƙa, zare a baki, yana tsokanar duk wanda ya gifta.

Shi bai taɓa shiga rami neman zinari ba. Amma a shekarun nan kusan kowane gida a Dareta akwai dutsen zinari, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. A 2010 yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Ɗan Kawu, Shafi'u, yana cikinsu, bai cika shekara uku ba. Ina firamare lokacin. Na tuna yadda aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka kwashe a buhuna, aka zuba sabuwa, Kawu yana tsaye jikin katanga yana kallo kamar ba gidansa ba. Daga baya ya ce wa matarsa, Inna Maimunatu, ta haɗa kaya. Muka dawo Anka. Waƙar nan tasa ban ƙara jin ta ba.

Bayan shekara biyu Allah ya ba su Muhsina. Saboda ita aka kafa tulun nan a ƙofa.

A wajen gari, ta hanyar Bagega, akwai shagon wani Bakajen kudancin Kaduna mai suna Elijah, mu kuma muna ce masa Malam Iliya. Ya daɗe yana aiki a wata masana'anta a Kaduna, da aka rufe ta ya sayo tsohon injin sassaƙa ƙarfe mai kwamfuta, wanda suke kira si-en-si, ya kawo shi nan. Da shi yake yanko wa masu injin niƙa da masu famfon ban-ruwa ƙarafan da suka lalace. Na ga injin da idona. Ya kai girman ƙaramin ɗaki. Ana ɗaure ƙarfe a kan wani tebur, teburin yana zamewa gaba da baya a kan dogo biyu masu santsi kamar madubi, wuƙa tana juyi daga sama tana sassaƙa. Dogon nan su ne ran injin. Ko tsaki ɗaya ya shiga tsakaninsu da teburin, zai karce su, aiki ya fara fita a karkace. Shi ya sa ake rufe su da wata riga baƙa mai ninki-ninki kamar mafici, tana miƙewa tana tattarewa yadda teburin ya motsa.

A daminar 2016 wani ƙarfe mai nauyi ya kuɓuce ya faɗa a kan rigar, ya farke ta. Malam Iliya ya liƙe da salatif ya ci gaba da aiki, salatif ya ɗaye, ɓarɓashin ƙarfe ya fara zuba a kan dogo. Ya nemi sabuwa, aka ce sai an yo oda daga waje, a jira watanni. Wani maƙeri ne ya ce masa, ai wannan zugazugi ce kawai aka miƙar, ka nemi Mainasara.

Ranar da ya zo gidanmu ina nan, hutu bai ƙare ba. Ya wanke ƙafa a ƙofa yana dariya.

"Baduku, ni fa Kirista ne, ka sa ni alwala."

"Ka gode Allah ban sa ka wanka ba," in ji Kawu. "Mi at tafe da kai?"

"Amaryata ce ta yaga zane."

"Wace amarya, tsohuwag ga da ba ta tashi sai an kunna mata janareta?"

Haka suka fara, kuma haka suka zauna, kullum cikin tsokana. Malam Iliya ya ba Muhsina alewa, Kawu ya karɓa ya wanke takardar kafin ya miƙa mata.

Sauran bayanin aikin daga bakin su biyun na ji. Da Kawu ya je shagon, bai fara duba yagar ba, ƙasa ya fara dubawa. Shagon yana maƙwabtaka da masu niƙa dutse, kuma duk ƙarfen da ake kawowa a kwaikwaya daga jikin injinan nan ake ciro shi, da garin dutse a manne. Ya sa yatsa a cikin ninkin rigar, ya fito da shi fari fat da wani gari mai laushi. Ya san garin nan. Ya ce kada a hura iska, kada a kaɗe. Ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya yayyafa ruwa, suka kwance notocin da suka riƙe rigar a gefe biyu, suka zare ta a hankali. Malam Iliya ya goge dogon da kananzir, ya bi karcen da ya fara fitowa da dutsen washi mai laushi, ya shafa mai.

Faci ba zai yiwu ba, rigar ta riga ta tsufa, ko'ina ka ja sai ta tsage. Suka yanke shawarar ɗinka sabuwa. A cikin kowane ninki akwai wani faifan roba mai tauri wanda yake riƙe siffar rigar. Kawu ya ciro su ɗaya-ɗaya, ya wanke, ya jera. Ya auna tsohuwar a miƙe, ya auna ta a tattare, ya fitar da zane a kan takardar siminti. A shagon ya yi ɗinkin duka, ko zare bai kawo gida ba. Da yamma yakan yi wanka a bayan shagon, ya sauya tufafi, ya bar na aiki a can.

Ta farko da ya ɗinka ba ta yi ba. Ya yi amfani da tamfol ɗin mota, don yana ganin mai kauri ya fi ƙarko. Da teburin ya tafi ƙarshe, ninkin ya cunkushe, injin ya yi ƙara ya tsaya cak, jar fitila tana walƙiya.

"Ka ɗinka mata bargo, Baduku, ta kasa zama," in ji Malam Iliya.

"To ai kai ba ka ce amaryar taka 'yar gayu ta ba."

Ya warware, ya samo wani tamfol mara kauri wanda mai ba ya ci. Wannan karon Malam Iliya ya nuna masa cewa ruwan da ke sanyaya wuƙa zai bi ta hujin basilla, sai suka bi kowane ɗinki da gam ta ciki. Aka ɗaura. Teburin ya tafi, ya dawo, rigar tana buɗewa tana rufewa shiru kamar numfashin mai barci. Malam Iliya ya ce ya ga Kawu ya yi murmushi har haƙora, karo na farko tun da ya san shi.

Tsohuwar rigar kuwa, Kawu ya tattare ta, ya ɗaure da igiya, ya cusa a buhu, ya jingine a lungun shago. Niyyarsa in ya dawo daga tafiya ya haƙa rami ya binne ta. Bai faɗa wa kowa ba, don a ganinsa wa zai kula da tsumma a buhu? Washegari ya tafi kai wa maƙeran Bukkuyum da Gummi zugazugansu, da shirin ya ɗauko ni daga makarantar kwana in an ba mu hutun Sallah.

A nan ne al'ada ta shigo. A wajenmu abin da mai gyara ya cire nasa ne. Baduku ya sauya maka fatar kujera, tsohuwar tasa ce, zai yi faci da ita. Maƙeri ya sauya maka ruwan fartanya, tsohon ƙarfen nasa ne. In ka riƙe, an ce kai marowaci ne, in ka zubar kuma ka raina sana'a. Malam Iliya ya koyi wannan da wuya. Farkon zuwansa ya taɓa jefar da wani tsohon ƙarfe da mai walda ya cire masa, mutumin ya yi fushi, aka daɗe ana ba shi baki. Tun daga nan yake kiyayewa fiye da 'yan gari. Da ya ga buhun a lungu, sai ya ce Baduku ya manta da haƙƙinsa. Ya ga buhun ya yi datti, kuma ya san dokar gidan. Ya ciro rigar a ɗaure yadda take, ya goge bayanta da jiƙaƙƙen tsumma har tana sheƙi, ya sa a sabuwar leda, ya haɗa da alewar Muhsina, ya kawo da kansa.

Inna Maimunatu ta karɓa daga bayan ƙofa ta yi godiya. Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle wannan ma ba kyauta ba ce, kayan maigida ne. Ita dutse ta sani, da buhun dutse, da takalmin mahaƙa. Wannan kuwa roba ce baƙa mai tsabta. Duk da haka ta bi doka: ta wanke ta da sabulu a ɗaurenta, ta ɗora a kan katangar rijiya ta bushe.

Muka iso Anka da hantsi, ni da Kawu, a kan babur ɗinsa, akwatina a ɗaure a baya. Muka tsaya a tulu muka wanke ƙafa kamar kullum. Tun daga zaure muke jin wani sauti, fuu, fuu, da dariyar yarinya. Kawu ya ce, "Wa ka zuga wuta cikin gidana?" yana murmushi.

Na riga shi shiga. Muhsina tana zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafafu, ta tara 'yan itatuwa a gabanta kamar murhun maƙera. Ta kwance igiyar. Ta riƙe baƙar rigar nan da hannu biyu tana buɗewa tana matsewa, yadda take ganin babanta yana gwada zugazugi. Duk matsawa ɗaya sai farin gari ya tashi ya bugi fuskarta. Girarta fari, gashinta fari, leɓɓanta fari. Kusa da ita akwai kwanon fura a buɗe.

"Baba, duba! Ni ma maƙeriya ce!"

Ban taɓa jin ƙara irin wadda Kawu ya yi ba, kuma ba na fatan in ƙara ji. Ba salati ba ne, ba kuka ba ne. Ya tsaya a bakin ƙofa hannuwansa a sama kamar wanda aka nuna wa bindiga. Sai ya ce, "Shafi'u." Sunan da shekara shida ba a ambata a gidan ba.

Inna Maimunatu ta fito daga madafa da muciya a hannu. "Lafiya? Mi ya faru?"

"Wanga abu, wa ya kawo shi?"

"Malam Iliya. Ya ce naka na. Na wanke shi, Malam, wallahi da sabulu na wanke shi."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan tafiyarka."

Ta dubi garin da ke fuskar yarinyar, ta dubi mijinta. Na ga lokacin da ta gane. Muciyar ta faɗi. Ta zauna a ƙasa daɓas, tana cewa, "Cikinta ka ciwo tun shekaranjiya, na ce ko tsutsa ta. Na ce ko tsutsa ta." Ta yi ta maimaitawa.

Ni ce na ɗauki Muhsina. Na tuɓe ta a bakin rijiya na yi ta kwara mata ruwa, tana kuka tana cewa a ba ta zugazuginta. Kawu ya jiƙa bargo ya rufe rigar da shi, ya kife kwanon fura. Ko hularsa da ta faɗi bai ɗauka ba muka hau babur.

A asibiti muka sami Sista Grace, wadda take aikin yaran dalma tun farkon abin, ta kuma san Kawu tun Dareta. Da ta gan shi ba hula, ba ta tambayi komai ba, ta karɓi yarinyar. Aka ɗebi jini aka sa a na'ura. Muna tsaye. Na'urar ba ta ba da lamba ba, ta nuna abin ya wuce iyakar awonta.

"Baban Muhsina," in ji Sista Grace, "kai? Gidanka?"

Ta ce za a kwantar da ita a fara ba ta maganin da ke fitar da dalma ta fitsari, kuma an yi sa'a ba ta fara jijjiga ba. Ta ce kada a mayar da ita gidan sai an kankare ƙasa.

Kafin la'asar labari ya kai shago. Malam Iliya ya zo da kayan aiki a jikinsa, Sista Grace ta tare shi a baranda ta ce ba zai shiga da su ba. Kawu ya fito. Na bi shi, don ina tsoron abin da zai faru.

"Baduku, me nake ji? Na goge ta fa. Da hannuna na goge ta."

"Ka goge baya. Ciki fa?"

Malam Iliya ya buɗe baki ya rufe. Ya dafa ginshiƙi. "Haƙƙinka ne. Na ce kada ka ce na raina ka. Yesu. Har alewa na sa wa yarinyar a cikin ledar." Sai ya zauna a siminti, babban mutum mai furfura, yana kuka a gaban mata.

Na zaci Kawu zai zage shi, ko ya juya ya tafi. Amma sai ya matso kusa da shi. Sannan ya ce, da wata murya da ba tasa ba, "Ni na san abin da ke ciki. Ni kaɗai na sani, kuma na ɗaure buhu na yi shiru." Ya ƙara da cewa, "Kana da ɗiya ƙarama gida, ko? Da wagga riga ta jikinka kake ɗaukar ta?"

Malam Iliya ya dubi rigarsa kamar yau ya fara ganin ta. Washegari ya kawo 'yarsa Lois aka auna. Ita ma an samu a jininta, amma bai kai na kwanciya ba.

Su biyun suka kankare tsakar gidanmu da shebur, suna yayyafa ruwa. Maƙwabtan da suke ce masa Dubagari suka tsaya a ƙofa, ba wanda ya yi dariya, wasu ma suka kawo amalanke. Aka kai ƙasar da bargon da tsohuwar rigar can bayan gari inda ake binne irin wannan, Kawu ya sa almakashi ya yayyanka ta a jiƙe kafin a rufe, don kada wani ya tono ya ce ya sami tamfol.

Muhsina ta yi makonni tana shan magani. Ta rame, ta daina surutu, wani lokaci sai ta zuba wa bango ido. Inna Maimunatu ba ta yarda ta runtsa ba in ba hannunta a kan ƙirjin yarinyar. Aka yi ta awo, lambar tana sauka kaɗan-kaɗan, har ranar da Sista Grace ta ce a tafi gida, a riƙa dawowa.

Ta rayu. Yanzu tana aji biyu. Tana da saurin dariya, tana da saurin mantuwa kuma, malamarsu ta ce sai an maimaita mata abu sau da yawa. Ko daga dalmar ne, ko haka Allah ya yi ta, ba wanda zai iya cewa, Kawu kuma ba ya son a yi zancen.

Rigar da ya ɗinka tana jikin injin har yau, sau ɗaya aka sake mata gam. Malam Iliya ya sa an daɓe ƙasan shagonsa da siminti, ya kafa nasa tulun a ƙofa. Tsokanar da ke tsakaninsu ba ta dawo kamar da ba, amma duk Kirsimeti yana aiko da shinkafa, duk Sallah Kawu yana aika masa da cinyar rago. Al'adar nan kuwa Kawu ya yafe ta. Duk abin da ya cire, a gaban mai shi yake yayyanka shi. Wasu badukai suna cewa yana ɓata sana'a.

Bayan an sallamo ta, Muhsina ba ta daina tambayar zugazuginta ba. Kullum sai ta ce, "Baba, ina ka kai mini?" Inna Maimunatu takan fita daga ɗakin in ta ji. Wata safiya na ga Kawu a zaure da sabuwar fatar ɗan akuya, wadda ya jeme da kansa, yana yanka ta ƙanana. Ya ɗinka 'yar zugazugi da ba ta fi tafin hannunsa biyu ba. Da ya gama bai kira ta nan da nan ba. Ya juya bakin ya saita fuskarsa, ya buɗe ido, ya matsa, ya sake matsawa, ya shafa girarsa ya dubi yatsa. Sannan ya ɗaga murya.

"Maƙeriya! Taho ki amshi kayan aikinki."